Tupac Shakur

Tupac Amaru Shakur (16 ga Yuni, 1971 – 13 ga Satumba, 1996), wanda aka fi sani da 2Pac, daga baya kuma Makaveli, mawaƙin hip hop ne kuma ɗan wasan fim na ƙasar Amurka. Yana cikin mawaƙan rap, wato gambarar zamani, da waƙoƙinsu suka fi kasuwa a tarihi, domin an sayar da kwafi sama da miliyan 75 na ayyukansa a duniya. Shekara biyar kacal ya yi a fagen sana'a, daga 1991 zuwa 1996. A cikinsu ya fitar da kundin waƙoƙi huɗu na kansa, ya kammala na biyar, ya kuma fito a manyan matsayi a fina-finai shida.

Wasan kwaikwayo Tupac ya fara koya kafin ya yi suna a waƙa, kuma sana'o'in biyu jigo ɗaya suka ɗauka: rayuwar matasa baƙaƙen fata a unguwannin talakawa na biranen Amurka. Ya yi waƙoƙi a kan talauci, cin zalin 'yan sanda da wahalar iyaye mata, ya kuma yi wasu na kirarin bindiga da zambo waɗanda suka jawo masa suka. An yi ta gurfanar da shi a gaban kotu, ya yi zaman kurkuku a 1995, sannan aka harbe shi a Las Vegas, ya mutu yana da shekara 25.

Asali da ƙuruciya

An haifi Tupac a unguwar East Harlem da ke birnin New York. Sunan da aka fara raɗa masa shi ne Lesane Parish Crooks. Yana da shekara ɗaya mahaifiyarsa ta sauya masa suna zuwa Tupac Amaru, sunan wani jagoran 'yan asalin ƙasar Peru da ya yi wa mulkin mallakar Sifaniya tawaye, aka kashe shi a 1781. Shakur kuwa kalmar Larabci ce mai ma'anar mai yawan godiya, kuma suna ne da mahaifiyarsa da wasu abokan gwagwarmayarta suke amfani da shi.

Mahaifiyarsa, Afeni Shakur, da mahaifinsa, Billy Garland, 'yan ƙungiyar Black Panther ne. Huey Newton da Bobby Seale ne suka kafa ƙungiyar a birnin Oakland a 1966 domin kare baƙaƙen fata daga zaluncin 'yan sanda, kuma ta yi suna wajen ciyar da yaran talakawa karin kumallo kyauta. A 1969 aka kama Afeni a cikin 'yan ƙungiyar 21 da aka tuhuma da shirya tayar da bama-bamai a New York. Ita ta kare kanta a kotu ba tare da lauya ba. A watan Mayun 1971 aka wanke ta daga dukkan tuhumomin, saura wata ɗaya ta haihu.

Tupac bai tashi a hannun mahaifinsa ba. Mazan da suka yi tasiri a ƙuruciyarsa su ma 'yan gwagwarmaya ne da suka ƙare a gidan yari. Mijin mahaifiyarsa, Mutulu Shakur, ya shafe shekaru ana nemansa kan fashin motar kuɗi ta kamfanin Brink's a 1981, har aka kama shi a 1986. Ubangidansa Geronimo Pratt ya yi shekara 27 a kurkuku kan laifin kisa kafin kotu ta soke hukuncin a 1997. Iyalin sun yi fama da talauci da yawan sauya gida.

Karatu da horon wasan kwaikwayo

Yana da kimanin shekara 12 aka sa shi a wata ƙungiyar wasan daɓe ta Harlem mai suna 127th Street Repertory Ensemble. Da ita ya hau dandamalin gidan wasa na Apollo, inda ya fito a matsayin yaro Travis a wasan A Raisin in the Sun na marubuciya Lorraine Hansberry, wanda ke ba da labarin wani iyali baƙar fata da ke neman fita daga ƙuncin haya a Chicago.

A 1984 iyalin suka koma Baltimore a jihar Maryland. A can ya samu shiga Baltimore School for the Arts, makarantar sakandare ta gwamnati da ke koyar da fasaha. Ya karanci wasan kwaikwayo, rubutacciyar waƙa, kiɗan jaz da rawar bale, ya kuma fito a wasannin Shakespeare. A makarantar ya haɗu da Jada Pinkett, wadda ita ma ta zama 'yar fim, suka ƙulla abotar da ta ɗore har ƙarshen rayuwarsa. A wannan lokaci yana yin rap da sunan MC New York.

A 1988 aka tura shi Marin City, kusa da San Francisco a jihar Kalifoniya. Ya shiga makarantar Tamalpais amma bai kammala ba, a daidai lokacin da mahaifiyarsa ta faɗa shaye-shayen hodar ibilis. A 1989 ya fara halartar ajin rubuta waƙa na Leila Steinberg, wadda ta zama manajarsa ta farko. Ita ce ta haɗa shi da Atron Gregory, manajan ƙungiyar Digital Underground ta Oakland.

Farkon sana'ar waƙa

A 1990 Digital Underground, ƙarƙashin jagorancin Shock G, ta ɗauke shi a matsayin mai ɗaukar kaya da ɗan rawa. An fara jin muryarsa a faifai a farkon 1991, a waƙar ƙungiyar mai suna Same Song. Waƙar tana cikin fim ɗin barkwanci Nothing but Trouble, wanda a cikinsa Tupac ya ɗan bayyana tare da ƙungiyar.

Kamfanin Interscope ya fitar da kundinsa na farko, 2Pacalypse Now, a ranar 12 ga Nuwamba, 1991. Kundi ne na siyasa. Waƙar Trapped tana magana a kan matashin da 'yan sanda suka hana sakat a unguwarsu. Brenda's Got a Baby kuwa labarin yarinya ce 'yar shekara 12 da ɗan uwanta ya yi wa ciki, danginta suka yi watsi da ita, ta ƙare a karuwanci har aka kashe ta. Wani rahoton jarida ne ya sa ya rubuta ta.

Wata guda kafin fitar kundin, 'yan sandan Oakland suka tsare shi kan tsallaka titi ba bisa ƙa'ida ba, gardamar ta kai ga suka yi masa duka. Ya shigar da ƙara yana neman dala miliyan 10, aka sasanta a kan abin da bai kai dala 50,000 ba. A 1992 wani matashi ya harbe ɗan sanda a jihar Texas, lauyansa ya yi iƙirarin cewa kundin ne ya tunzura shi. Mataimakin shugaban Amurka na lokacin, Dan Quayle, ya fito fili ya nemi a janye kundin daga kasuwa. Ba a janye shi ba, kuma ya sayar da kwafi sama da 500,000.

Kundi na biyu, Strictly 4 My N.I.G.G.A.Z., ya fito a ranar 16 ga Fabrairu, 1993, ya sayar da kwafi sama da miliyan ɗaya. Waƙoƙi biyu da suka fi fice a cikinsa sun nuna fuskokinsa biyu. I Get Around waƙar holewa ce da alfahari da yawan 'yan mata. Keep Ya Head Up kuwa kira ce ga maza su mutunta mata, da ƙarfafa gwiwar matan da ke renon 'ya'ya su kaɗai. Ya sadaukar da ita ga Latasha Harlins, yarinya 'yar shekara 15 da wata mai shago ta harbe a Los Angeles a 1991. A 1994 ya fitar da Thug Life: Volume 1 tare da ƙungiyarsa ta Thug Life, wadda ɗan mijin mahaifiyarsa, Mopreme, yake ciki. Tupac ya sha bayyana cewa sunan yana nufin wanda ya tashi ba shi da komai kuma ya ƙi karaya, amma masu suka sun ɗauke shi a matsayin tallar dabanci.

Fina-finai

Fim ɗin da ya fito da shi shi ne Juice, wanda Ernest Dickerson ya ba da umarni, aka fara nuna shi a watan Janairun 1992. Labarin abokai huɗu ne a Harlem. Tupac ya fito a matsayin Bishop, wanda ya ja sauran zuwa fashin wani shago, ya kashe mai shagon, daga nan ya juya bindigar a kan abokansa. Omar Epps ne ya fito a matsayin Q, abokin da ke son zama mai saka faifai a wuraren rawa. Masu sharhin fina-finai sun yaba yadda Tupac ya nuna tsoro da rauni da ke ƙarƙashin muguntar Bishop. Tun daga lokacin, marubuta da dama suka riƙa danganta halin Bishop da irin kamannin da Tupac ya ɗauka a bainar jama'a.

A 1993 John Singleton, daraktan Boyz n the Hood, ya haɗa shi da mawaƙiya Janet Jackson a fim ɗin soyayya Poetic Justice. Tupac ya fito a matsayin Lucky, ma'aikacin gidan waya mai renon 'yarsa, Janet kuma a matsayin Justice, mai gyaran gashi da ke rubuta waƙoƙi bayan an kashe saurayinta. Yawancin labarin yana faruwa ne a kan hanya daga Los Angeles zuwa Oakland cikin motar wasiƙu. Maya Angelou ce ta rubuta waƙoƙin da ake karantawa a fim ɗin, ta kuma fito a ciki. Fim ɗin ya zo na ɗaya a sinimomin Amurka a makonsa na farko, ya kuma nuna cewa Tupac yana iya fitowa a mutum mai sanyin hali. A shekarar kuma ya fito a wani kashi na shirin talabijin A Different World tare da Jada Pinkett.

A Above the Rim na 1994, wanda Jeff Pollack ya ba da umarni, ya koma matsayin mugu. Ya fito a matsayin Birdie, dillalin miyagun ƙwayoyi da ke neman janye wani haziƙin ɗan ƙwallon kwando zuwa ƙungiyarsa.

Rigingimunsa sun sa ya rasa wasu ayyukan. An cire shi daga fim ɗin Menace II Society bayan saɓani da daraktocinsa, tagwaye Allen da Albert Hughes. Daga baya ya kai wa Allen hari, kotu ta yanke masa kwana 15 a gidan yari a 1994. Ya kuma rasa matsayin da Singleton ya tanadar masa a Higher Learning.

Fina-finai uku sun fito bayan mutuwarsa. A Bullet, wanda aka ɗauka tun 1994, ya fito a matsayin Tank tare da Mickey Rourke. A Gridlock'd na Vondie Curtis-Hall, shi da Tim Roth sun fito a matsayin makaɗa biyu 'yan ƙwaya a Detroit da suka yanke shawarar dainawa, suka wuni ana tura su daga wannan ofis zuwa wancan ba tare da sun samu gurbin magani ba. Masu sharhi da yawa suna ganin a nan ya fi nuna ƙwarewa, musamman a barkwanci. A Gang Related na Jim Kouf ya fito a matsayin Rodriguez, jami'in bincike mara gaskiya wanda zuciyarsa ta fara damunsa, tare da James Belushi. Singleton ya rubuta babban matsayin fim ɗin Baby Boy da Tupac a ransa, amma Tyrese Gibson ne ya hau shi a 2001.

Shari'o'i da zaman kurkuku

A watan Agustan 1992 rikici ya ɓarke tsakanin tawagarsa da wasu mutane a wani biki a Marin City, harsashi ya samu wani yaro ɗan shekara shida ya mutu. Ba a tuhumi kowa da kisan ba, amma iyayen yaron sun kai ƙarar neman diyya, aka sasanta a 1995. A watan Oktoban 1993 ya harbi 'yan sanda biyu da ba sa bakin aiki a Atlanta, daga baya masu gabatar da ƙara suka janye tuhumar.

A watan Nuwamban 1993 wata mata ta zarge shi tare da wasu maza da cin zarafinta ta hanyar lalata a ɗakin otal a New York. Ya musanta zargin. Ana cikin shari'ar, a daren 30 ga Nuwamba, 1994, wasu 'yan bindiga suka tare shi a harabar sutudiyon Quad da ke Manhattan, suka ƙwace masa sarƙoƙi, suka ji masa raunukan harsashi biyar. An yi masa tiyata a asibitin Bellevue, ya fita ba da yardar likitoci ba. Washegari kotu ta same shi da laifin cin zarafi ta hanyar taɓa jikin matar ba da yardarta ba, ta wanke shi daga tuhumomin da suka fi wannan nauyi da na mallakar bindiga. A watan Fabrairun 1995 aka yanke masa ɗaurin shekara ɗaya da rabi zuwa huɗu da rabi, aka kai shi gidan yarin Clinton da ke Dannemora a jihar New York.

Yana tsare aka fitar da kundinsa na uku, Me Against the World, a ranar 14 ga Maris, 1995. Kundin ya shiga jadawalin Billboard 200 a matsayi na ɗaya, ya yi mako huɗu a kai, Tupac ya zama mawaƙi na farko da ya samu haka yana kurkuku. Jigonsa tsoron mutuwa ne, nadama da rashin yarda da mutane. A cikinsa ne waƙar Dear Mama take, inda ya gode wa mahaifiyarsa ba tare da ya ɓoye shaye-shayenta da saɓanin da suka yi ba. An zaɓi kundin da waƙar a takarar lambar Grammy ta 1996. A gidan yarin ya auri Keisha Morris, amma auren bai kai shekara ba. A can kuma ya karanta littattafan dabarun mulki da yaƙi na Niccolò Machiavelli ɗan Italiya da Sun Tzu ɗan ƙasar Sin. Daga sunan Machiavelli ya samo laƙabin Makaveli.

Death Row da rikicin gabas da yamma

A ranar 12 ga Oktoba, 1995, aka sake shi a kan belin dala miliyan 1.4 yayin da yake ɗaukaka ƙara. Suge Knight, shugaban kamfanin Death Row na Los Angeles, shi ne ya tsaya wajen belin, bisa sharaɗin Tupac zai yi wa kamfanin kundi uku. Da fitowarsa ya shiga sutudiyo. A ranar 13 ga Fabrairu, 1996, aka fitar da All Eyez on Me, kundi mai faifai biyu da waƙoƙi 27, wanda ya sayar da kwafi 566,000 a makon farko. Johnny J, Daz Dillinger, DJ Quik da Dr. Dre suna cikin waɗanda suka haɗa kiɗansa. Waƙoƙin California Love da How Do U Want It, da aka fitar a faifai ɗaya, sun kai matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard Hot 100. Siyasa ta ragu a wannan kundi, kirari, dukiya da ramuwar gayya suka ƙaru.

A lokacin akwai gaba tsakanin Death Row ta gaɓar yamma da kamfanin Bad Boy na New York, mallakar Sean Combs, wanda babban mawaƙinsa shi ne Christopher Wallace, wato The Notorious B.I.G. ko Biggie. Tupac da Biggie abokai ne a da. Amma Biggie da Combs suna cikin ginin Quad a daren da aka harbi Tupac, shi kuma ya zarge su da cewa sun san da shirin. Dukansu sun musanta. A watan Yunin 1996 Tupac ya fitar da Hit 'Em Up tare da yaransa na ƙungiyar Outlawz, waƙar zambo ce da ta kama sunayen abokan gabar, ta zage su, ta yi musu barazana. 'Yan Outlawz sun ɗauki laƙabi daga shugabannin da Amurka ke gaba da su, irin su Kadafi, Kastro, Hussein Fatal da E.D.I. Mean, wanda aka samo daga sunan Idi Amin na Yuganda.

Watannin ƙarshe na rayuwarsa ya yi su ne tsakanin wurin ɗaukar fim da sutudiyo. A cikinsu ya ɗauki Gridlock'd da Gang Related, ya kuma naɗi kundin The Don Killuminati: The 7 Day Theory cikin kimanin mako guda. An fitar da shi da sunan Makaveli a ranar 5 ga Nuwamba, 1996, ya shiga jadawali a matsayi na ɗaya.

Mutuwa

A daren 7 ga Satumba, 1996, Tupac da Suge Knight sun halarci damben Mike Tyson da Bruce Seldon a otal ɗin MGM Grand da ke Las Vegas. Bayan damben, kyamarorin tsaro sun ɗauki Tupac da tawagarsa suna dukan Orlando Anderson, ɗan dabar Southside Crips ta Compton. Da misalin ƙarfe 11:15 na dare, motar BMW da Knight ke tuƙawa ta tsaya a danjar mahaɗar titin Flamingo da Koval. Wata farar Cadillac ta tsaya a gefen dama, aka buɗe wuta daga cikinta. Harsashi huɗu suka samu Tupac, biyu a ƙirji. Knight ya samu rauni kaɗan a ka.

An kai shi asibitin University Medical Center, inda likitoci suka cire masa huhun dama. Ya mutu da yammacin 13 ga Satumba, aka ƙona gawarsa. Anderson ya musanta hannu a kisan, ba a kuma tuhume shi ba har aka kashe shi a wani rikici daban a 1998. Wata shida bayan mutuwar Tupac, a ranar 9 ga Maris, 1997, aka harbe Biggie a Los Angeles ta irin wannan hanya. A ranar 29 ga Satumba, 2023, shekara 27 bayan kisan, 'yan sandan Las Vegas suka kama Duane Davis, wanda ake kira Keefe D, kawun Anderson, aka tuhume shi da kisan kai. Davis ya musanta laifin a gaban kotu.

Salo da harshe

Rap salo ne na jero magana a kan kiɗa cikin kari da amsa-amo, ba tare da rerawa sosai ba. Wannan ne ya sa kafofin yaɗa labarai na Hausa suke kiransa gambara, saboda kamarsa da yadda 'yan gambara ke jero zance da sauri cikin wasa, habaici da zambo. Tupac ya yi waƙoƙinsa ne da karin Ingilishin baƙaƙen fatar Amurka, wanda yake da nasa ƙa'idojin nahawu da furuci, haɗe da sarar matasan titi. A rubutun sunayen waƙoƙi yakan sa lamba 2 da 4 a madadin kalmomin Ingilishi masu irin sautinsu, ya kuma sa harafin z a wurin s na jam'i.

Ba a san shi da sarƙaƙƙiyar wasa da kalmomi kamar wasu mawaƙan New York na zamaninsa ba. Ƙarfinsa yana cikin murya da ba da labari. Yakan ja wasalin kalmar ƙarshen layi, ya naɗi muryarsa sau biyu ko uku a ɗora a kan juna domin ta yi kauri, ya kuma yi amfani da karangiya, wato maimaita baƙi ɗaya a farkon kalmomi, kamar a waƙar If I Die 2Nite. Horon wasan kwaikwayo ya bayyana a yadda yake shiga rigar wani ya yi magana da bakinsa: ɗan fursuna, matashin da ake farauta, ɗa mai neman gafarar uwa. Kiɗan waƙoƙinsa da yawa an gina shi ne a kan gutsuren tsofaffin waƙoƙin baƙaƙen fata na shekarun 1970 da 1980.

Suka da muhawara

'Yar gwagwarmayar kare haƙƙin baƙaƙen fata C. Delores Tucker ta jagoranci kamfen a kan irin waƙoƙinsa, tana cewa suna wulaƙanta mata suna kuma koya wa yara tashin hankali. Masu kare shi suna cewa bayyana abin da ke faruwa a unguwanni yake yi. Muhawarar ta ci gaba bayan mutuwarsa, musamman a kan yadda mawaƙin da ya yi kira a mutunta mata ya zama wanda kotu ta samu da laifin cin zarafin mace. Malamin jami'a Michael Eric Dyson ya tattauna wannan saɓani a littafinsa Holler If You Hear Me na 2001.

Bayan mutuwarsa

Tupac ya bar waƙoƙi masu yawa da ba a fitar ba. A 1997 mahaifiyarsa ta kafa kamfanin Amaru Entertainment domin kula da su. Kundin Greatest Hits na 1998 ya ƙunshi waƙar Changes, wadda aka zaɓa a takarar Grammy. Eminem ne ya haɗa kiɗan Loyal to the Game na 2004, wanda waƙarsa Ghetto Gospel, mai ɗauke da muryar Elton John, ta zo ta ɗaya a Birtaniya a 2005. An buga rubutattun waƙoƙinsa na ƙuruciya a littafin The Rose That Grew from Concrete a 1999. Afeni ta rasu a ranar 2 ga Mayu, 2016.

An zaɓi fim ɗin tarihinsa Tupac: Resurrection na 2003 a takarar lambar Oscar. A 2010 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa Dear Mama cikin jerin faya-fayan da ake adanawa saboda muhimmancinsu ga ƙasa. A 2017 aka shigar da shi zauren karramawa na Rock and Roll Hall of Fame, Snoop Dogg ya gabatar da shi. A shekarar kuma aka fitar da fim ɗin rayuwarsa, All Eyez on Me, inda Demetrius Shipp Jr. ya fito a matsayinsa. A 2023 aka sa tauraronsa a titin karramawa na Hollywood, Allen Hughes kuma, daraktan da suka taɓa yin shari'a da shi, ya fitar da shirin talabijin mai suna Dear Mama a kan rayuwarsa da ta mahaifiyarsa.

A Afirka ma sunansa ya yaɗu ta fuskoki biyu. A yaƙin basasar Saliyo na 1991 zuwa 2002, an ga mayaƙan 'yan tawayen RUF sanye da riguna masu hotonsa. A wasu wuraren kuwa matasa sun ɗauki rap a matsayin hanyar faɗa wa shugabanni gaskiya da harsunan gida. A Jamhuriyar Nijar, ƙungiyoyi irin su Lakal Kaney, Wass-Wong da Kaidan Gaskiya sun yi rap da Hausa, Zabarmanci da Faransanci, a Kano kuma mawaƙa irin su Billy-O da Ziriums suna cikin waɗanda suka yi suna da hip hop na Hausa a shekarun 2000.

Kundin waƙoƙi

- 2Pacalypse Now (1991)
- Strictly 4 My N.I.G.G.A.Z. (1993)
- Thug Life: Volume 1, tare da Thug Life (1994)
- Me Against the World (1995)
- All Eyez on Me (1996)
- The Don Killuminati: The 7 Day Theory (1996)
- R U Still Down? (1997)
- Greatest Hits (1998)
- Still I Rise, tare da Outlawz (1999)
- Until the End of Time (2001)
- Better Dayz (2002)
- Loyal to the Game (2004)
- Pac's Life (2006)

Jerin fina-finai

- Nothing but Trouble (1991), tare da Digital Underground
- Juice (1992), a matsayin Bishop
- Poetic Justice (1993), a matsayin Lucky
- Above the Rim (1994), a matsayin Birdie
- Bullet (1996), a matsayin Tank
- Gridlock'd (1997), a matsayin Spoon
- Gang Related (1997), a matsayin Rodriguez